Tambayoyi da Amsoshi kan Nemo Littattafai da Maƙalu don Binciken Likitanci da Kiwon Lafiya

Wannan shafi na ɗaliban likitanci ne, da na jinya, ungozoma, harhaɗa magunguna, gwaje-gwajen asibiti da lafiyar al'umma, har da likitocin da ke neman ƙwarewa waɗanda aka ce su kawo kundin bincike. Tambayoyin su ne waɗanda aka fi kawowa teburin ma'aikatan laburare. Mun ɗauki misali guda, wato zubar jini bayan haihuwa, za mu riƙa komawa gare shi domin a ga yadda abin yake a aikace.

An ba ni batun bincike. Daga ina zan fara?

Daga takarda da biro, kafin ka taɓa kwamfuta. Tun ran gini ran zane. "Zubar jini bayan haihuwa" batu ne mai faɗi, kuma duk wanda ya shiga rumbun bayanai da shi a haka zai fito da dubban maƙalu da ba zai iya karantawa ba. Mayar da batun tambaya mai gaɓa huɗu, tsarin da ake kira PICO: su wane ne marasa lafiyar, me aka yi musu, da me aka kwatanta shi, kuma wane sakamako ake dubawa. A misalinmu: matan da jini ya ɓalle musu bayan haihuwa, an ba su maganin tsayar da jini mai suna tranexamic acid, an kwatanta da waɗanda ba a ba su ba, ana duba yawan mace-mace.

Amma ba duka huɗun za ka zuba a akwatin nema ba. Yawanci gaɓa biyu sun isa, cutar da maganin. Marubuta da yawa ba sa ambaton duk sakamakon da suka auna a take ko a tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkon maƙala, don haka in ka tilasta wa injin ya samo kalmar "mutuwa", za ka yar da maƙalu masu kyau ba ka sani ba.

Littafi zan nema ko mujalla?

Ya danganta da tambayar. In so kake ka fahimci yadda mahaifa ke tsukewa bayan haihuwa da abin da ke hana ta, littafin koyarwa ya fi. In so kake ka san ko wani magani yana aiki, sai mujallu, domin kafin a rubuta littafi, a gyara, a buga, shekaru sun wuce. Kullum duba bugu na nawa ne a hannunka da shekarar da ya fito. Akwai kuma irin su UpToDate, DynaMed da BMJ Best Practice, waɗanda likita ke dubawa a bakin gadon majinyaci. Suna da amfani wurin gane inda magana ta kwana, amma a kundin bincike ka bi manazartarsu zuwa asalin maƙalar, ita za ka kafa hujja da ita.

Lambobin da ke bayan littattafai fa, yaya ake karanta su?

Laburaren likitanci da yawa suna bin tsarin Babban Laburaren Likitanci na Amurka, wato NLM. A wannan tsari, QS zuwa QZ na darussan share fage ne: QS ƙirar jiki, QT aikin gaɓoɓi, QV magunguna, QW ƙananan ƙwayoyin cuta da garkuwar jiki, QZ nazarin cututtuka. Harafin W da 'yan uwansa na aikin asibiti ne: WA lafiyar al'umma, WC cututtuka masu yaɗuwa, WG zuciya da jijiyoyin jini, WQ ciki da haihuwa, WS yara, WY jinya. In laburaren na bin tsarin Dewey, likitanci yana 610 zuwa 619. In tsarin Laburaren Majalisar Amurka ne, yana ƙarƙashin R. Nemi littafi ɗaya a katalog, rubuta lambarsa cikakkiya, sannan in ka je kanta ka duba na dama da na hagunsa, domin batu ɗaya suke.

Mene ne bambancin PubMed, MEDLINE da PMC?

Ukun duk na NLM ne, shi ya sa ake rikita su. MEDLINE shi ne zaɓaɓɓen rumbu mai mujallu sama da 5,000 da kwamiti ya tantance, kuma bayanansa sun koma har 1946. PubMed ƙofar shiga ce ta kyauta, an buɗe ta a 1996, tana ɗauke da bayanan maƙalu sama da miliyan 35: duk MEDLINE, da sababbin da ba a gama yi wa lakabin batu ba, da wasu ƙari. Abin da ke PubMed take ne da sunayen marubuta da tsakure. PMC kuwa, wanda aka fara a 2000, ma'ajiyar cikakkun maƙalu ce da kowa zai karanta kyauta. Kowace maƙala a PubMed tana da lambar PMID, wadda ke PMC tana da ƙarin lambar PMCID. Lambobin biyu daban suke, kada ka sa ɗaya a gurbin ɗaya.

PubMed kaɗai bai isa ba?

Ga aikin aji ko gabatarwa a sashe, sau da yawa ya isa. Ga kundin digiri ko bita mai tsari, wato tattaro duk binciken da aka yi kan tambaya ɗaya a tace shi bisa ƙa'ida, bai isa ba. Embase na kamfanin Elsevier ya fi ƙarfi kan magunguna da mujallun Turai, kuma yana ɗauke da tsakuren takardun taro. CINAHL na jinya ne da ungozoma da gashin ƙashi da makamantansu. PsycInfo na lafiyar ƙwaƙwalwa da halayyar ɗan'adam. Cochrane Library na da bitocin ƙungiyar Cochrane, wadda aka kafa a 1993, da kuma CENTRAL, tarin gwaje-gwajen magani. Scopus da Web of Science sun fi amfani wurin gano wanda ya ambaci wata maƙala bayan fitowarta. Yawancinsu sai da rajistar makaranta ko asibiti, don haka fara da jerin rumbunan da ke shafin laburarenku.

Mene ne MeSH, kuma dole ne in koye shi?

Dole ne, in dai da gaske kake. Cuta ɗaya tana da sunaye da yawa a Turanci, kuma kowane marubuci da wanda ya saba. MeSH ƙamus ne na lakabi kimanin 30,000 da NLM ke sabuntawa kowace shekara, inda aka tsayar wa kowane abu suna guda. Ko marubuci ya ce heart attack ko ya ce MI, lakabin da za a manna wa maƙalarsa shi ne Myocardial Infarction. Duk nau'in daji yana ƙarƙashin Neoplasms. Kai kuma in ka nemi lakabin, ka samo su duka.

An jera lakaban kamar reshen bishiya. Pregnancy Complications babban reshe ne, a ƙarƙashinsa akwai ciwon sukari na masu ciki, da hawan jinin ciki, da Postpartum Hemorrhage. PubMed da kansa yake haɗa duk ƙananan rassa in ka nemi babba, sai dai in ka hana shi. Hanya mafi sauƙi ta gano lakabin da ya dace ita ce ka buɗe maƙala biyu ko uku da ka tabbata suna kan batunka, ka gangara ƙasan shafin, ka ga lakaban da aka sa musu.

Akwai gargaɗi biyu. Na farko, maƙalar da ta shigo kwanan nan, ko wadda mujallarta ba ta cikin MEDLINE, ba ta da lakabi, don haka neman MeSH zalla zai tsallake ta. Na biyu, in an ƙirƙiri sabon lakabi, galibi ba a komawa a manna shi a tsofaffin maƙalu. Shafin kowane lakabi yana nuna shekarar da aka shigo da shi da wanda ake amfani da shi kafin nan. Saboda haka ake haɗa MeSH da kalmomin da marubuta ke rubutawa. Embase na da nasa ƙamus, Emtree, CINAHL ma haka, kuma ba a kwafe lakabin wani a liƙa a wani ba tare da dubawa ba.

Ku nuna mini yadda ake haɗa kalmomin.

Kalmomi uku ne, da manyan baƙaƙe ake rubuta su. OR na tattaro sunayen abu ɗaya, yana faɗaɗa sakamako. AND na haɗa gaɓa da gaɓa, yana tsuke shi. NOT na cirewa. Shiga shafin Advanced na PubMed, ka riƙa nema layi-layi, kowane layi zai sami lambarsa:

#1 "Postpartum Hemorrhage"[Mesh]
#2 "postpartum hemorrhage"[tiab] OR "postpartum haemorrhage"[tiab] OR "post partum hemorrhage"[tiab] OR "post partum haemorrhage"[tiab]
#3 "Tranexamic Acid"[Mesh]
#4 tranexamic[tiab] OR Cyklokapron[tiab]
#5 (#1 OR #2) AND (#3 OR #4)

Alamar tiab na nufin a duba take da tsakure. Dubi layi na biyu da kyau. Amurkawa na rubuta hemorrhage, Ingila na rubuta haemorrhage, wasu na haɗe postpartum, wasu na raba ta. Babban gwajin WOMAN, wanda mujallar Lancet ta buga a 2017, mai mata kimanin 20,000 a ƙasashe 21, takensa na ɗauke da post-partum haemorrhage, da tsaga da kuma rubutun Ingila. Wanda ya rubuta salon Amurka kaɗai a cikin alamar zance zai iya wuce gwajin da ya fi kowane muhimmanci a batun. Haka abin yake a anemia da anaemia, pediatric da paediatric, har da sunayen magunguna: paracetamol da acetaminophen abu ɗaya ne, adrenaline da epinephrine ma haka.

Baka biyun da ke layi na biyar ba ado ba ne. PubMed na karanta umarni daga hagu zuwa dama, in ka cire su zai cakuɗa OR da AND ya ba ka abin da ba ka tambaya ba, kuma ba zai yi maka gargaɗi ba. Alamar tauraro a ƙarshen kalma na kawo duk ƙarshenta, misali pregnan* zai kamo pregnant da pregnancy. Sai dai tauraro da alamar zance duk suna kashe fassarar da PubMed ke yi da kansa zuwa MeSH, don haka in ka sa su, nauyin kawo duk sunaye ya dawo kanka. A shafin Advanced akwai wurin da ke nuna yadda injin ya fahimci umarninka. Ka riƙa buɗe shi.

A guji gajerun sunaye in ba dole ba. PPH na nufin zubar jini bayan haihuwa, amma a wasu maƙalu sunan wani hawan jinin huhu ne, a wasu kuma sunan aikin basir. Shi kuma NOT wuƙa ce mai kaifi: in ka ce NOT animals, za ka yar da duk binciken da ya haɗa mutane da dabbobi. Daidai shi ne a cire waɗanda ke kan dabbobi zalla.

Ta yaya zan san nemana ya yi kyau?

Ajiye maƙalu uku zuwa biyar da ka san dole su fito. In ɗaya ta ɓace, buɗe ta ka ga kalmar da ta yi amfani da ita wadda ba ka sa ba, ka ƙara.

Sakamako ya yi yawa, ko kuma ya yi kaɗan. Me zan gyara?

In ya yi yawa, ƙara gaɓa ta uku, ko ka taƙaita da nau'in bincike, kamar gwajin da aka raba mutane ta ƙuri'a ko bita mai tsari. Yi hattara da matatun da ke gefen shafi. Na shekaru, jinsi da na "mutane kaɗai" sun dogara da MeSH, suna zubar da maƙalun da ba a yi wa lakabi ba. Matatar "cikakkiyar maƙala kyauta" kuwa ita ce ta fi ɓata aikin ɗalibai, domin tana zaɓar hujja bisa wadda ta fi sauƙin samu. Kuma matata na nan a kunne har sai ka kashe ta da kanka, ko da ka sauya batu.

In ya yi kaɗan, cire gaɓa ɗaya, ƙara sunaye da OR, hau reshen MeSH na sama, ka kuma duba kuskuren rubutu. Sannan ka bi manazartar maƙalun da ka samu zuwa baya, ka bi waɗanda suka ambace su zuwa gaba.

Google Scholar fa?

Yana da kyau wurin nemo maƙalar da ka riga ka san takenta, da kundayen digiri, da kwafin kyauta. Amma ba shi da ƙamus na lakabi, ba ya bayyana mujallun da ya ƙunsa, ba ya nuna fiye da sakamako 1,000 na farko, kuma yana fifita maƙalun da aka fi ambata, wato tsofaffi. Nema ɗaya yau da gobe zai iya bambanta, alhali bincike na buƙatar abin da wani zai maimaita. Yi amfani da shi a matsayin ƙari. A saitinsa akwai wurin haɗa shi da laburarenku don ya nuna abin da kuke da izinin buɗewa.

Na sami maƙalar amma an kulle ta. Sai na biya?

Kada ka yi saurin biya. Fara shiga ta shafin laburarenku da lambar ɗalibi ko ta ma'aikaci, domin kamfanin da ke buga mujallar ba ya gane ka in ka zo masa kai tsaye daga waje. In hakan bai buɗe ba, duba PMC da Europe PMC, sa Unpaywall a burauzarka, yana nuna kwafin halal in akwai. Wani lokaci laburare na da mujallar amma an riƙe fitowar watanni 6 ko 12 na ƙarshe, ko rajistar ta fara daga wata shekara. Katalog na nuna wannan.

Cibiyoyin da ke ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi na iya shiga Hinari, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara da mawallafa a 2002, wanda yanzu yake ƙarƙashin Research4Life. Cibiya ce ke rajista, ba mutum ɗaya ba, kuma kalmar sirri tana hannun ma'aikacin laburare. Yaɗa ta ga mutanen waje na iya jawo a rufe wa cibiyar gaba ɗaya. Akwai kuma aro tsakanin laburare da laburare: ka ba da take, mujalla, shekara, shafi da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, su nemo maka. In duk ya faskara, rubuta wa marubucin imel gajere cikin ladabi. Da yawansu na murna da a nemi aikinsu.

Me ya sa ba na ganin binciken da aka yi a Afirka ko Asiya sosai?

Domin mujallu da yawa na waɗannan yankuna ba sa cikin manyan rumbuna. Global Index Medicus na Hukumar Lafiya ta Duniya ya tattaro rumbunan yankuna biyar, ciki har da African Index Medicus da LILACS na Latin Amurka. African Journals Online, wato AJOL, na ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka. Ma'ajiyar jami'o'i ta intanet na da kundayen da ba a taɓa bugawa ba. Ga mai nazarin cutar da ta fi addabar ƙasashe masu zafi, barin waɗannan babban giɓi ne, kuma wasu maƙalun da Faransanci ko Fotugis suke.

Binciken da ba a buga ba, da alƙaluma, a ina ake samu?

Gwajin da ya nuna magani bai yi aiki ba ya fi saurin kwana a aljihun tebur, wanda hakan ke sa magani ya yi kama da ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa ake duba rajistar gwaje-gwaje: ClinicalTrials.gov, wadda aka buɗe a 2000, da ICTRP ta Hukumar Lafiya ta Duniya mai haɗa rajistoci da yawa, har da PACTR ta Afirka. Tun 2005 manyan mujallu ke sharɗanta a yi wa gwaji rajista kafin a fara ɗibar mutane. Jagororin Hukumar suna ma'ajiyarta ta IRIS, alƙaluma kuma a Global Health Observatory. Binciken gida-gida na DHS da MICS na ba da adadi daga tambayar jama'a, yayin da alƙaluman Global Burden of Disease ƙiyasi ne na lissafi. In ka kawo adadi, faɗi wane iri ne da shekarar da aka tattara shi, wadda sau da yawa ta girmi shekarar buga rahoton.

Yaya zan gane mujallar da ba ta da inganci?

Akwai mujallun da kuɗin marubuci kawai suke so, ba sa kai maƙala ga masana su tantance. Alamominsu: alkawarin bugawa cikin 'yan kwanaki, imel na roƙo, suna mai kama da na sananniyar mujalla, batutuwa barkatai. Nemi sunan mujallar a NLM Catalog ka ga ko an rubuta cewa tana cikin MEDLINE a halin yanzu. Ganin maƙala ɗaya a PubMed bai wanke mujallar ba, domin wasu na shigowa ta PMC saboda sharaɗin waɗanda suka ɗauki nauyin binciken. In ta kyauta ce, duba DOAJ, jerin mujallun kyauta da aka tantance.

Babbar mujalla ma na kuskure. Maƙalar 1998 da ta alaƙanta rigakafin MMR, mai kare yara daga ƙyanda da wasu cututtuka biyu, da cutar galahanga (autism) a Lancet ta fito, sai 2010 aka janye ta, bayan ta yi ɓarna mai yawa ga rigakafin yara. PubMed na sa jan gargaɗi a kan wadda aka janye, amma kwafin da ka sauke bara ba zai gaya maka ba. Kafin ka miƙa aiki, sake duba manazartarka. Abin da ke medRxiv, wanda aka fara a 2019, ba a tantance shi ba tukuna. In ka ambace shi ka faɗi haka, ka kuma duba ko ya fito a mujalla daga baya.

Zan iya tambayar manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ba ni manazarta?

Tana taimakawa wurin tuno sunayen cuta da tsara daftarin nema. Amma tana iya ƙaga maƙalar da babu ita, da sunan marubuci na gaske da mujalla ta gaske. Duk abin da ta ba ka, nemi takensa a PubMed ko ka buɗe DOI ɗinsa, ka karanta da idonka. Lakabin MeSH da ta kawo ma ka tabbatar akwai shi.

Yaya zan adana abin da na samu?

Sa manhajar manazarta tun ranar farko. Zotero kyauta ce kuma tana yin gargaɗi in an janye maƙala. Akwai Mendeley da EndNote. Fitar da sakamako daga kowane rumbu a fayil na RIS ko nbib, zuba su wuri ɗaya, cire maimaici, amma rubuta adadin kafin cirewa da bayansa. Yawancin mujallun likitanci na bin salon Vancouver, mai lambobi bisa jerin ambato. Manhaja na kwafo kuskure yadda ta same shi, don haka duba sunaye da shafuka da kanka.

Tarihin nema a PubMed na gogewa bayan awa 8 ba a taɓa shi ba. Buɗe asusun My NCBI, adana neman, ka sa ya riƙa turo maka sababbin maƙalu ta imel. A wani fayil daban rubuta sunan rumbu, ranar nema, umarnin kalma da kalma, da adadin da ya fito. Mai yin bita mai tsari zai buƙaci waɗannan don cike jadawalin PRISMA na 2020, wanda ke nuna adadin maƙalun da aka samu, aka tace, aka zaɓa, kuma ya kamata ya yi rajistar tsarinsa a PROSPERO ta Jami'ar York kafin ya fara tace maƙalu, bayan ya duba ko wasu sun riga shi. Tacewar aikin mutum biyu ne, kowa shi kaɗai, sannan su daidaita. Manhajojin Rayyan da Covidence na sauƙaƙa wannan.

Yaushe ya kamata in ga ma'aikacin laburare, kuma da me zan je?

Da wuri, kafin a amince da tsarin bincikenka, domin a lokacin ne gyaran tambaya ke da sauƙi. Je da tambayarka a rubuce, da maƙalu ukun nan da ka san sun dace, da umarnin da ka riga ka gwada da adadin da ya ba ka, da ranar da za ka miƙa aiki. Faɗa masa ko aikin aji ne, kundi ne, ko bita mai tsari, domin zurfin neman ya bambanta. In bita mai tsari ce, roƙe shi ya duba umarnin layi-layi kafin ka sauke sakamako na ƙarshe, kuma ku daidaita tun farko ko sunansa zai shiga cikin marubuta ko a sashen godiya.